Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya koyar da lissafi a Masar

A Gabi, kamar a sauran garuruwan gundumar Madarumfa, wanda ya saba shiga zauren malamai ya san hatimi: zane mai kusurwa huɗu da aka raba gida-gida, tara ko goma sha shida ko ashirin da biyar, kowane gida da lambarsa ko harafinsa. Wani a rubuta masa a allo a wanke ya sha, wani a ɗinke masa cikin laya. Mutane da yawa sun ɗauki abin asiri ne kurum, ƴan lakwal kuwa sukan wuce shi da murmushi. Kaɗan ne suka san cewa ƙarƙashin zanen nan akwai lissafi tsantsa, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi gwanancewa a kansa a ƙarni na 18 ɗan ƙasar Katsina ne, wato ƙasar da Gabi da Madarumfa da Maraɗi suke cikinta tun kafin a ja iyakar da ta raba Nijar da Nijeriya.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. Malaman Masar sun rubuta shi da laƙabi huɗu: al-Fulani, al-Kashinawi, ad-Danrankawi, as-Sudani. Na farko ya nuna danginsa, na biyu ƙasarsa, na uku garinsu Ɗan Ranko, wani garin fatake a ƙasar Katsina, na huɗu kuma ya nuna cewa daga ƙasashen baƙar fata ya fito. Mafi yawan labarinsa an same shi ne a littafin tarihi na Abdurrahman al-Jabarti, marubucin Alƙahira wanda ya ga shigowar Napoleon Masar a 1798 ya kuma rubuta ta. Dalilin da ya sa wannan marubuci ya san Bakatsinen haka zai zo nan gaba.

Katsinar da Malam Muhammadu ya tashi a cikinta ba ƙaramin gari ba ce. Bayan faɗuwar daular Songai a 1591 hanyoyin fatauci sun karkata gabas, ayari daga Agadas da Gat da Gadamus suka riƙa sauka a birnin, goro yana zuwa daga Gwanja, takarda da littattafai suna shigowa tare da sauran haja. A ƙarni na 17 birnin ya riga ya fitar da malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, waɗanda har yanzu ake ambaton sunansu, hasumiyar Gobarau kuma tana tsaye. Inda fatake suke da yawa dole a sami masu lissafi, gama ciniki da rabon gado da fitar da zakka da sanin lokutan salla duk ba su yiwuwa sai da shi.

Ya yi karatu wurin malamai huɗu da aka ambata da suna: Shehu Muhammadu al-Wali na Bagirmi, da Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fodu, da Shehu Muhammadu Bindu. Wurin Muhammadu Fodu ya zauna kamar shekara 4, suna tare a gida, suna tare a tafiya, yana karanta nahawu da sarfu da littattafan adabi. Tun kafin nan abokan karatu suna kiransa mai Muƙama, saboda ya haddace Muƙamat na Hariri, littafin da ɗalibai da yawa suke shan wuya kafin su sauke shi ko da da duba. Da ya ƙware a nahawu sai malaminsa ya sa masa suna Sibawaihi, sunan babban malamin nahawu na Basra a ƙarni na 8. Laƙabin ya dace ta fuska biyu, don shi ma Sibawaihi ba Balarabe ba ne, mutumin Farisa ne da ya tsara wa Larabawa ƙa'idojin harshensu.

Amma wanda ya buɗe masa ƙofar da aka san shi da ita shi ne Muhammadu Bindu. A wurinsa ya ɗauki hisabi da ilimin lokuta bisa hanyar malaman Magrib, da ilimin haruffa, da ilimin aufaƙi, wato tsara hatimi. A wurinsa kuma ya karanta manɗiƙi da balaga da tauhidi da hadisi da fiƙihu. Wannan abin lura ne. A lokacin ba a ware lissafi gefe guda, addini gefe guda ba. Malami ɗaya ne yake koyar da Buhari da safe, ya koyar da lambobi da yamma. Kuma duk wannan karatu a ƙasashen baƙar fata aka yi shi, kafin Malam Muhammadu ya taka ƙasar Larabawa.

Sa'an nan ya ɗaura niyyar hajji. Tafiyar hajji a wancan zamani ba ta wata ɗaya ko biyu ba ce. Mutum yakan raba gadonsa kafin ya fita, don da yawa ba su komowa. Ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu. A wani gari ya tsaya wata 5 wurin wani shehi yana karanta ilimin bugun ƙasa da wasu littattafan hisabi. Ya rubuta labarin abubuwan da ya gamu da su a hanya. Ya yi aikin hajji a shekara ta 1142 ta hijira, daidai da 1730, ya zauna a Makka na wani lokaci, daga can ya wuce Alƙahira, ya sauka a wata unguwa da ake kira Darbul Atrak, kusa da masallacin Azhar. Bai ƙara ganin Katsina ba.

A Makka ya fara rubuta babban littafinsa kan taurari da ɗalasimai, Ad-Durrul Manzum, ya gama shi a Alƙahira cikin watan Rajab na 1146. Ya yi wani littafi a nahawu, ya yi waƙe a manɗiƙi ya kuma yi masa sharhi mai tsawo da kansa. Amma wanda ya fi jawo hankalin masana lissafi shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta a 1145, wato tsakanin 1732 da 1733. A cikinsa ne ya yi bayanin hanyoyin tsara hatimi, musamman mai gefen mara, wato 3 ko 5 ko 7 ko 9 da abin da ya yi sama.

Ya kamata a tsaya nan a duba abin da kyau, gama wanda bai ga lissafin ba, ba zai san darajar mutumin ba. Ga ƙaramin hatimi, mai gida tara, wanda kowane almajirin da ya yi nisa ya sani:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

An zuba lambobi daga 1 zuwa 9, ba a maimaita ko ɗaya ba. A tara kowane layi a kwance, 15 ne. A tara a tsaye, 15. A tara daga kusurwa zuwa kusurwa, 15. To, daga ina 15 ta fito? Lambar da ke tsakiya 5 ce, gefen hatimin gida 3 ne, 5 sau 3 kuwa 15 ne. Ashe abin da tarawa ta bayar shi ne abin da ninkawa ta bayar. Wannan ba dace ba ne. Lambobin suna tafiya biyu-biyu: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, kowane biyu sun yi 10, wato 5 sau biyu, kuma kowace lamba tana fuskantar abokiyarta, 5 tana tsakaninsu. Duk layin da ya ratsa tsakiya kamar an rubuta 5 sau uku ne.

Malam Muhammadu ya ba da ƙa'idar da ke fitar da waɗannan lambobi biyu, ta tsakiya da jimlar layi, ga kowane hatimi mai gefen mara, komai girmansa. A ninka gefen da kansa, a ƙara 1, a raba biyu, an sami ta tsakiya. A ninka ta tsakiya da gefen, an sami jimlar kowane layi. In gefen 5 ne: 5 sau 5, 25; a ƙara 1, 26; rabinta 13; 13 sau 5, 65. In 7 ne, ta tsakiya 25, jimla 175. In 9 ne, ta tsakiya 41, jimla 369. Mutum ya san amsar tun bai rubuta lamba ko ɗaya a gidajen ba.

Sanin jimla abu ɗaya ne, zuba lambobin wani abu ne dabam. Wanda ya ce zai cika gida 25 da gwaji, ya rubuta ya goge, zai ƙare tawadarsa bai kai ba. Daga cikin hanyoyin da littafin ya koyar akwai ta tafiyar doki, irin yadda doki yake tsalle a wasan dara na Larabawa da ake kira shaɗaranji: gida biyu gaba, ɗaya gefe. Ga misalin wannan irin tafiya, wanda mai karatu zai iya gwadawa a ƙasa da tsinke. A sa 1 a tsakiyar layin sama. Daga nan a sauka gida biyu, a matsa ɗaya dama, a sa 2, haka 3. In doki ya fita ta ƙasa sai ya shigo ta sama, in ya fita ta dama sai ya shigo ta hagu, kamar dai an naɗe takardar bakinta ya haɗu. In ya tarar gidan da zai sauka da mai shi, abin da ke faruwa bayan kowace lamba biyar, sai a sa lamba ta gaba a gidan da ke ƙarƙashin ta ƙarshe, a ci gaba da tsalle. Abin da zai fito ke nan:

23 12 1 20 9
4 18 7 21 15
10 24 13 2 16
11 5 19 8 22
17 6 25 14 3

13 ta faɗa tsakiya da kanta, ba wanda ya sa ta da gangan. 1 tana fuskantar 25, 23 tana fuskantar 3, 12 tana fuskantar 14, kowane biyu 26. Layi goma sha biyu ne, biyar a kwance, biyar a tsaye, biyu a karkace, kowanne 65. Wanda ya ɓata gida ɗaya a hanya, sauran duka sun ɓaci, sai ya koma farko. Shi ya sa Malam Muhammadu ya gargaɗi ɗalibinsa a cikin littafin kada ya karaya in aikin ya ƙi, ya nuna masa cewa barin aiki tsakiya jahilci ne, ya kuma hore shi da kada ya watsa wannan ilimi ga kowa da kowa.

Yadda lamba ta haɗu da harafi kuwa, ta hanyar abajada ne, inda kowane harafin Larabci yake da lambarsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, har zuwa 1000. Malaman Hausa suna bin jerin Magrib, wanda ya saɓa wa na gabas a wasu haruffa. Da wannan ne ake fitar da lambar suna, da shi ne kuma marubuta suke ɓoye shekarar da suka gama littafi cikin kalma guda, abin da ake kira ramzi. Tsofaffin malamai sun lura cewa jimlar dukan lambobin ƙaramin hatimi 45 ce, lambar sunan Adamu a rubutun Larabci, jimlar layi ɗaya kuma 15, lambar sunan Hawwa'u. In ana son hatimin da kowane layinsa zai ba da wata lamba, misali 66, sai a ɗebe 12, a raba saura uku. 54 a raba uku 18 ne, da ita za a fara a gidan 1, a bi jeri har 26, sai 22 ta zauna tsakiya, 22 sau 3 kuwa 66 ne. In lambar ba ta rabuwa uku daidai, nan ne wuya take. Akwai dabarar ƙara ɗaya a gidaje uku na ƙarshe, layukan kwance da na tsaye su daidaita, amma ɗaya daga cikin layukan kusurwa zai gaza. Ba laifin malami ba ne. A hatimi mai gida tara jimla dole ta zama ta tsakiya sau uku, ba yadda za a yi da ita.

Masana kuma sun juya abin ta wata fuska, suka nemi hatimin da ninkawa ce take daidaita shi maimakon tarawa. Mafi ƙanƙanta mai gida tara shi ne wanda layinsa na sama yake 2, 9, 12, na tsakiya 36, 6, 1, na ƙasa 3, 4, 18. Kowane layi in an ninka lambobinsa 216 ne, wato 6 sau 6 sau 6, kamar yadda 15 take 5 da 5 da 5. Ita 6 ɗin nan da ma sananniya ce wurin masu hisabi tun zamanin Yunanawa, don 1 da 2 da 3 in an tara su 6 ne, in an ninka su ma 6 ne.

Ba Malam Muhammadu ne ya ƙago ilimin hatimi ba, bai kuma ce shi ne ba. Mutanen Sin sun san mai gida tara tun da daɗewa. A ƙarni na 10 Abul Wafa al-Buzjani ya rubuta littafi a kai a Bagadaza, daga baya Ahmadu al-Buni, mai Shamsul Ma'arif, ya cusa shi cikin ilimin asirai, ta hannunsa kuma ya fi yaɗuwa a Afirka ta Yamma. Turai ma a lokacin tana cikin binciken abin: a 1691 wani jakadan Faransa, Simon de La Loubère, ya buga hanyar da ya koyo a tafiyarsa ta Siyam, a 1693 kuma aka buga aikin Frénicle de Bessy wanda ya nuna cewa hatimi mai gida 16 iri 880 ne. Mai gida 25 kuwa ba a ƙidaya irinsa ba sai a 1973, da kwamfuta, aka sami 275,305,224. Abin da Bakatsinen ya yi shi ne ya tattara hanyoyin da malaman Musulmi suka gada, ya jera su, ya bayyana su yadda ɗalibi zai bi, a lokacin da da yawa daga cikin tsofaffin littattafan suka yi wuyar samu.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Shi kansa bai ɗauki hatimi wasan ƙwaƙwalwa kawai ba. Ya yarda haruffa da lambobi da taurari suna da tasiri, babban littafinsa ma a kan haka yake, ya gina shi ne bisa wani tsohon littafi da ake jingina wa Fahruddini ar-Razi. Malamai kuwa sun daɗe suna saɓani a kan wannan fanni. Ibn Haldun, tun a ƙarni na 14, ya sa ilimin haruffa cikin dangin sihiri, kuma har gobe akwai malaman da ke kan wannan ra'ayi a ƙasar Hausa, akwai masu kishiyarsa. Wannan gardama ta malaman addini ce. Amma lissafin da ke cikin aikin ba ya jiran a gama ta: 13 sau 5, 65 ne ga wanda ya yarda da laya da wanda bai yarda ba. Ba kuma a nan kaɗai ilimi ya tashi a gauraye ba. Kepler, wanda ya gano yadda taurari masu tafiya suke kewaya rana, yana yi wa manya duba da taurari don ya ci abinci. Newton, da ya rasu a 1727, shekara 3 kafin hajjin Malam Muhammadu, ya ɓata shekaru yana neman sirrin juya ƙarfe. Ba wanda ya hana su sunan masana saboda haka.

A Alƙahira ne ya haɗu da Shehu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan malaman Azhar, masanin fiƙihu da ilimin falaki, mai tarin littattafai da kayan auna taurari. Shi ma kakanninsa daga Afirka ta Gabas suka zo, daga yankin Habasha. Wannan babban malami, wanda manyan Masar suke zuwa gidansa, shi ne ya zauna gaban baƙon da ya zo daga Katsina ya ɗauki ilimin aufaƙi da hisabin haruffa da lambobi. Sau da yawa labarin da ake ji shi ne na ɗan ƙasar Hausa da ya je gabas ya ɗebo ilimi ya komo. Wannan ya je da nasa ne, aka ɗiba a wurinsa.

Abotarsu ta yi ƙarfi har Malam Muhammadu ya koma gidan Shehu Hasan, a can kuma ajali ya same shi a 1154 ta hijira, daidai da 1741, shekara 11 bayan hajjinsa. Kafin ya cika ya naɗa mai masaukinsa wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, a sashen da ake kira lambun malamai, ya gina masa alama a kan kabari, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Fiye da shekara goma bayan haka aka haifa wa Shehu Hasan ɗa, Abdurrahman, wanda ya tashi a gidan da littattafan Bakatsinen suke, shi ne kuma ya sa tarihinsa cikin na manyan malaman Masar.

A gida kuwa abubuwa sun sauya. A 1807 mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a Maraɗi, inda har yau ake kiran sarkin garin Sarkin Katsina. Hatimi bai bar zaurukan malamai ba, a kudu ko a arewa, amma sunan mutumin da ya rubuta ƙa'idojinsa ya fi zama a Masar, inda aka buga Ad-Durrul Manzum da injin ɗab'i. Sai a 1962 wasu Turawa biyu, Bivar da Hiskett, suka sa shi cikin jerin marubutan Larabci na ƙasar Hausa kafin jihadi. A 1967 Malam Hasan Ibrahim Gwarzo ya yi rubutu a Ibadan kan yadda ya bayyana ramzi. A 1973 Claudia Zaslavsky, wata malamar lissafi ta Amurka, ta kawo hatimansa cikin littafinta kan lissafin mutanen Afirka, daga nan sunansa ya shiga makarantun ƙasashe da dama. A 1994 kuma Jacques Sesiano, masanin tarihin lissafi a ƙasar Suwis, ya buga nazari da Faransanci kan hanyoyin tsara hatimi mai gefen mara, inda ya bi bayanin Malam Muhammadu gida-gida.